Hancin Ɗan Mahauta

Ranar da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo kwashe kayan gidan abincinmu, ni na taya shi sauko da su daga hawa na tara. Manyan tire ne na silba guda shida, irin wanda mutum biyar ke zagayewa su ci tuwo gwiwoyinsu na gugar juna. Ya jera su a bayan kekensa, ya ɗaure da igiya, ya ce mini "shiyeshiye", wato na gode da yaren Sin, ya tuƙa suna ƙara ƙwal-ƙwal har ya sha kwana. Hajiya mai gidan ta ce ta gaji, za ta koma Maraɗi ta ga jikokinta. Ban ga laifinta ba. Shekara da shekaru muna ciyar da 'yan Kwari da 'yan Wambai masu zuwa sari Guangzhou, yanzu kuwa in aka tuƙa tukunya ɗaya sai ta kwana.

Wanda bai san unguwar Xiaobei ta da ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. A da, in azahar ta gota ka tsaya bakin ginin Tianxiu, sai ka rantse a Kano kake, in ka cire zafin nan mai laima kamar tururin tukunya. Ƙarar salatif ana naɗe kwalaye, fyaat, fyaat. Wani na ihu a waya yana faɗa wa ƙaninsa launin yadi. Wani ya dawo daga kasuwar Shahe da buhun da ya fi shi girma, yana tsine wa lawban ɗin, mai shago ke nan, da ya ce masa "meyo, meyo", wai babu, alhali kayan na ƙarƙashin tebur. Duk su hau benenmu da yunwarsu da guminsu. Ba a tambayar sunanka, matsa maka kawai za a yi ka sa hannu. A bakin tiren nan na ga an ƙulla aure, na ga mutum biyu da suka shekara ba sa gaisawa sun shirya saboda hannayensu sun haɗu a kan tsoka ɗaya. Yanzu 'yan kasuwar suna kwance a Kano suna sari ta waya da babban yatsa. 'Yan kaɗan ɗin da ke zuwa kuma, abincin ma a waya suke kiransa, wani mai hular kwano rawaya ya kawo a roba, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya ci kamar mai shan magani. Ba mai tambayar wa ya yanka, yaushe aka yanka. An liƙa takarda an rubuta halal, magana ta ƙare.

Ni kuwa aikina a gidan nan hanci ne. Karatu dai aji uku na yi, na ukun ma rabinsa a kan katangar makaranta na yi shi ina jifan mangwaro. Kullum da safe ni ke zuwa wurin Musulmin Sin masu farar hula in zaɓo nama. Sun san ni, in na doso sai ka ga ana tura na jiya ƙarƙashin kanta. In danna da yatsa, in kai hanci kusa da ƙashi, in ce wannan i, wannan a'a. Hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tunda na faɗi haka, bari in ƙarasa: sau ɗaya a rayuwata na sunsuna nama, na san sarai abin da na ji, na buɗe baki na ce lafiyarsa lau, mutum ya ci ya mutu. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Rufe gidan nan da surutun wani Bazazzagi su suka tono shi.

Bazazzagin nan Malam Nazifi ne. A gida koyarwa yake yi, aka turo shi wata jami'a a nan ya karanci injin jirgin ruwa, da furfura a gemunsa yana saɓa jakar littattafai. Ya zo cin abincinmu na ƙarshe. Mu biyu rak a bakin tiren mutum biyar.

"Baba Ɗanfawa," ya ce, "yau kam naman ya yi. Ko don na ƙarshe ne kuka ji tsoron Allah?"

"Ci ka yi shiru, bawana. Ku a Zariya sai da Sallah kuke ganin tsoka."

"Kanawa da baki! To ka san an taɓa ƙwace jirgin yaƙi sukutum a kan nama?"

"Ƙaryar 'yan boko ce. Amma faɗi, ba ni da abin yi."

Ya ce a ƙasar Rasha ne, zamanin suna da sarki, wajen lokacin da Turawa suka ci Kano. Babban jirgin yaƙi ne a Baƙin Teku, cike da ɗaruruwan sojoji. Aka sayo naman shanu daga wani gari na bakin ruwa, aka rataye shi a sarari cikin zafi. Da gari ya waye sojoji suka tarar tsutsa na yawo a jikinsa. Aka kira likitan jirgin, ya duba, ya ce ƙwan ƙuda ne kawai, a wanke da ruwan gishiri a dafa. Aka yi miya, suka ƙi sha, suka ci burodi da ruwa. Hafsoshi suka tara su a fili, aka ce wanda zai sha miya ya matso gaba. Waɗanda suka rage aka ware su, aka kira masu bindiga, aka shimfiɗo tamfol. Kowa ya ɗauka harbe su za a yi. Masu bindigar suka ƙi ɗaga hannu a kan 'yan'uwansu. Wani hafsa ya harbi ɗaya daga cikin jagororinsu, daga nan kuwa abu ya ƙwace. Suka ɓalle ɗakin makamai, suka kashe kyaftin da wasu hafsoshi, suka watsa su teku, suka ɗaga jan ƙyalle.

"A kan miya?" na ce.

"A'a, Baba, miyar ce dai ta kai su bango. Ba a daɗe ba da Japan ta lallasa su a teku, 'yan'uwansu da yawa suka nutse. Hafsoshin 'ya'yan manya ne, su kuwa 'ya'yan manoma da aka kwaso dole, ga mari ga zagi. A tudu kuma ana ta yajin aiki, sojan sarki ya buɗe wa talakawa wuta. Duk wannan na cikinsu, sai ga likita da tabarau yana ce musu abin da idonsu ya gani ba shi ba ne."

"Suka ci nasara?"

"Ina! Suka yi kwanaki suna yawo a ruwa, ba gawayi, ba ruwan sha, sauran jiragen ba su biyo su yadda suka zata ba. Ƙarshe suka miƙa jirgin ga wata ƙasa maƙwabciya, suka warwatsu a ƙasashen mutane."

"Likitan fa?"

"Shi ma ruwa suka jefa shi."

"Ya huta," na ce.

Malam Nazifi ya yi dariya har ya ƙware, ya ɗauka irin shaƙiyancina ne. Na miƙa masa ruwa. Ni dai daga nan na tsame hannuna daga tiren.

A gidan mahauta aka haife ni. Abin da ke tashe mu da asuba ba zakara ba ne, ƙarar wuƙa ce a kan dutse, shaa, shaa, Baba na wasawa kafin ya tafi masallaci. Kafin rana ta fito muna kwata, ungulaye sun jeru a kan rufi kamar 'yan zaman makoki, shanu na kuka, ana kabbara, jini na bin rariya. Aikina wankin tumbi da hanji ne a rami, da ɗaukar kai da ƙafa a ka har ruwan na bin wuyana, da korar ƙuda da reshen darbejiya. 'Yan makaranta suna toshe hanci in na zauna kusa da su, ni kuma in shafa musu hannuna a riga. Yanzu nakan ga jikokin mahauta a waya sanye da farar riga da safar hannu, suna yanka naman da ya shekara a ƙanƙara, ko warin jini ba su sani ba. Mu kuwa tun ba mu iya tsarki ba muka san bambancin warin naman safe da na yamma, da na saniyar da ta sha wahala kafin yanka, da wanda aka yayyafa wa ruwa don ya yi sheƙi.

Baba ba mai yawan magana ba ne, in ya yi kuwa sau ɗaya yake yi. Wata rana rabin sa ya kwana bai shiga ba, ga zafin bazara. Da safe ya kai hanci, ya ce a ɗauko fatanya a haƙa rami. Ni da kaifin bakina na ce, "Baba, in aka zuba masa yaji da ƙuli aka gasa, wa zai sani?" Ya juyo ya kalle ni. Ya ce, "Mai saye ido ne da shi, kai hanci ne da kai. Shi launi yake gani, kai ka san ranar da aka yanka. In ka ce masa ci, ci zai yi, ya kai wa 'ya'yansa." Sannan ya kwaɗa mini mari, ya miƙo mini fatanyar. Na ji maganar, ban ce ban ji ba. Amma akwai wani mai tsire a bakin layinmu, marar tsoron Allah, shi kuma a wurinsa na koyi wani darasin: ɗanɗanon da za ka ba mai saye ka yanko shi daga na yau, abin da za ka naɗe masa a takarda daga na shekaranjiya. Malamai biyu na yi ke nan, kuma sai da na girma na gane wanda na fi bi.

Da gemu ya fara fito mini na gudu Ikko, don na gaji da tumbi. Na yi dako a bakin jirgi, daga nan aka ɗauke ni cikin masu kankare tsatsa a wani jirgin kaya mai bin gaɓar teku. Kamfanin ya daɗe da mutuwa, Allah ya ƙara masa nauyin ƙasa. Mu goma sha ɗaya ne, duk Hausawa, ƙarƙashin shugabanmu, heluma Garba, wani dattijo mai kunne ɗaya, ɗayan guduma ta cinye shi. Daga safe har la'asar muna dukan ƙarfe, ƙwang, ƙwang, ƙwang, tsatsa na shiga ido da haƙori, mu shafa jan fenti, gobe mu matsa gaba. In mun kai ƙarshen jirgin, farkonsa ya sake tsatsa. Ruwan sha da gwangwani ake auna mana, Turawa kuwa wanka suke yi sau biyu. In ka tsaya salla, mataimakin kyaftin, wanda muke kira Cif, sai ya tsaya a kanka yana kallon agogo. Mari kuwa ba a ma lissafa shi. Abu ɗaya muka tsaya a kai aka yarda: ba ma cin yankan da ba mu sani ba. Don haka kafin a tashi akan sayi sa, Musulmi su yanka a gabanmu, a rataye a ɗakin sanyi. A tire ɗaya muke ci, murfin ganga ne ma aka bubbuge ya zama tire.

Abokina a cikinsu Ilu ne, ɗan wani ƙauye a ƙasar Kazaure, dogo, mai saurin dariya. Tun ban ƙarasa shaƙiyanci ba ya riƙe ciki. In za a kankare gefen jirgi, mutum ɗaya ke zama a kan katako a zura shi da igiya, ruwa na ƙasa yana jiransa, ɗaya kuma ya riƙe igiyar a sama. Ni ke riƙe ta Ilu, shi ke riƙe tawa. Nakan ɗan sassauta masa da gangan don in ji ya yi salati, ya ɗago ya zage ni yana dariya.

Wata tafiya muka isa bakin wata tasha a ƙasar mutane, aka ce mu jira layi. Muka jefa anga can nesa, garin na hango mu muna hango shi. Nan injin ɗakin sanyi ya mutu. Aka kwashe naman Turawa aka cusa a wani ƙaramin firji da ke aiki, namu aka bar shi a rataye. Kwana biyar wari ya fara biyo iska. Kuku, wani mutumin bakin teku, ya zabga barkono a miya ya kawo. Heluma Garba ya sunkuya ya shaƙa, ya miƙe, ya kama bakin tiren ya kife shi a ƙasa. Ya ɗauki gudumarsa ya ajiye a kai. Ɗaya bayan ɗaya muka ajiye namu. Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Jirgin da ya saba kuka tun safe, sai ga shi kana jin ruwa na lasar ƙarfe. Kwana biyu muna jiƙa garin rogo muna sha, ba wanda ya taɓa guduma.

Cif ya zo jajir, ya yi ta zagi. Ba shi da bindiga, amma yana da abin da ya kusa kai ta. Ya ce in ba mu ci mun koma aiki ba, zai sauke mu a ƙasar nan ba takarda, kuma ya ɓata sunanmu yadda ba jirgin da zai sake ɗaukarmu. Heluma ya juya masa kurman kunnensa. Sai kuku ya raɗa wa Cif cewa akwai ɗan mahauta a cikinmu, kuma mutanen nan in ɗan mahauta ya ce nama na da kyau, ba sa musu.

Aka kira ni ɗakin sanyi. Tun daga ƙofa na sani, ban ma buƙaci shiga ba. Cinyar ta yi kore-kore wajen ƙashi, in ka danna yatsa sai ya nutse ramin ya ƙi tashi, ga yauƙi, ga fararen tsutsotsi a cikin kitse suna harkar gabansu. Ƙarƙashin warin ruɓa kuma akwai wani ɗan zaƙi-zaƙi, wanda Baba ke cewa in ka ji shi ko kare kada ka ba. Cif ya dafa kafaɗata, karo na farko da ya taɓa ni ba da mari ba. Ya ce yana neman mai yi wa hafsoshi hidima a teburi. Farar riga, ɗaki mai gado, da ɗan littafin nan mai hoto da hatimi wanda in kana da shi kowane jirgi zai ɗauke ka zuwa ko'ina a duniya. Zan so in ce tsorata ni ya yi. Bai tsorata ni ba. Tafin hannuna na kalla, duk kanta da jan fenti, na ce a raina ai ciwon ciki ne kawai, kwana biyu su warke, ƙarfafa ne.

Na ce wa kuku ya buɗe ƙaramin firji. Na yanko tsoka daga naman Turawa, na gasa ta a kan murhu. Sannan muka wanke namu da gishiri da ruwan tsami, na yanke wurin koren, na saɓo cinya ɗaya a kafaɗa na fito fili kamar ranar kasuwa. Na dire ta, na mare ta da tafin hannu, na yi mata kirari irin na mahauta, na ce saniyar nan ta fi Cif tarbiyya, ta fi kuku wanka. Suka fara murmushi, yunwa ta riga ta ci su. Na ce bayan ne kawai ya taɓu, cikin garau yake, a gidanmu irin wannan ake kai wa liman. Na ɗaga gasasshiyar tsokar nan kowa ya gani, na yi bisimilla, na tauna a hankali har da lumshe ido.

Heluma Garba bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ɗanfawa, hancina ba na mahauci ba ne, amma yana aiki."

"Heluma, ai guduma ta taɓa maka shi tare da kunnen."

Aka fashe da dariya. Ilu ne ya fi kowa. Ya miƙe yana share hawaye, ya ce, "Ni dai mutumin da ke riƙe mini igiya ya ce in ci. In ban yarda da shi a kan nama ba, a kan me zan yarda da shi?" Ya ɗauke gudumomin, ya juyo da tiren da hannunsa. Mutum bakwai suka ci. Heluma da wasu biyu suka koma gefe da garin rogonsu. Ni na ce ɗanɗano ya ƙosar da ni, ga shi kuma Cif na kirana awon riga.

Kafin azahar ɗin washegari duka bakwai ɗin suna kwance, amai da gudawa, wasu har jini. Likita babu, sai wani akwatin magani da Cif ke ɗebo fararen ƙwayoyi yana ba kowa iri ɗaya. Shida suka fara tashi da rarrafe. Ilu, da ya fi kowa ci don ya nuna musu, bai tashi ba. Rana ta uku da hantsi ina ɗiga masa ruwa a baki, idanunsa sun faɗa, ya kama yatsana. Ya ce, "Na ga ka damu, Ɗanfawa. Ruwan jirgin nan ne. Ba naman ba ne, ai ka ci." Bai sake magana ba har ya cika.

Kyaftin ya aiko a ɗaura masa ƙarfe a ƙafa a zura shi teku. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutanen da jiya ba sa iya tsayuwa suka ɗauki gudumominsu, suka bi heluma zuwa wurin ƙaramin kwalekwalen ceto, suka fara kwance shi ba izinin kowa. Cif ya taho da gudu yana ihu, ya dafa ƙarfen bakin jirgi. Heluma ya ɗaga guduma ya sauke ta a kan ƙarfen nan, tazarar yatsa ɗaya daga hannunsa. Sau ɗaya. Cif ya janye hannun, ya koma da baya, ba wanda ya sake fitowa. Suka sauke Ilu a naɗe cikin zanen heluma, suka tuƙa da hannu har gaɓa, Hausawan zangon garin suka taya su sallah da binnewa. Kafin su tashi na sa ƙafa zan shiga kwalekwalen, heluma ya tare ni da ƙotar guduma. Ashe kuku, da ya ga mutuwa, ya gaya musu daga inda tsokata ta fito.

Da suka dawo na jira duka, na jira su jefa ni ruwa, wallahi na so su yi. Ba wanda ya taɓa ni. Da aka kawo abinci suka zagaye tire, heluma ya ɗebi nawa ya zuba a gwangwanin tumatir, ya ajiye can gefe kamar yadda ake ajiye wa mage. Haka har muka koma Ikko. A can aka kore su duka, aka ɓata sunayensu kamar yadda Cif ya yi alkawari. Ni ma ya cika mini nawa alkawarin. A bakin tasha heluma ya kira ni, ya ɗora mini akwatin ƙarfen Ilu a ka.

"Kai za ka kai wa uwarsa," ya ce. "Mun aika mata ya rasu. Yadda ya rasu kuwa, da bakinka za ka gaya mata. Hukuncinka ke nan, ba mu da wani."

Na hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ban shiga gidanmu ba, na wuce tashar mota. Duk hanya ina jera maganar a raina, ina gyara ta, har na haddace ta kamar karatun allo. Na isa ƙauyen da rana tsaka, aka nuna mini gidan. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Da ta ga akwatin ta gane shi. Ta shafa murfinsa, sannan ta ɗago.

"Kai ne Ɗanfawa? Mai ba shi dariya? Duk wasiƙar da ya aiko sai an karanta mini sunanka."

"Ni ne, Inna."

Ta ce ba zan tafi ban ci komai ba. Ta kama kazarta guda ɗaya, ta ce ba namiji a gidan, ga shi Allah ya kawo mata mahauci har gida. Ni na yanka, ni na fige. Ta dafa, ta zubo mini a akushi, ta zauna nesa kaɗan tana kallona.

"An ce ciwon ciki ne," ta ce. "Ilu ko tuwon da ya kwana uku ba ya taɓa masa ciki. Me ya ci?"

"Nama ne ya lalace, Inna."

"Wa ya ce su ci?"

Maganar da na haddace tana nan a bakina, kalma bayan kalma. Na kalli akushin.

"Turawan ne," na ce.

Ta gyaɗa kai. "Ai na sani. Su ina ruwansu da ɗan wani. Da kai suka nuna wa, ɗan mahauta, da ba a ci ba."

"Haka ne, Inna."

"Ci mana, ɗana. Ka yi tafiya."

Na ci. Na cinye tas, har ƙashin na tsotse, don kada ta ce miyarta ba ta yi ba. Da zan tafi ta rako ni ƙofar gida, ta ce in sunkuyo. Ta dafa kaina da hannu biyu, ta ce yadda na riƙi ɗanta da amana, Allah ya riƙe ni, ya ba ni tsawon rai, ya kai ni ƙasashe masu nisa ya tsare ni a can.

Allah kuwa ya amsa mata, bai rage ko ɗaya ba.